Daga Hannun Wa Ka Samo?

Sana'ata dillancin tsofaffin firji da firiza ce. Shagona yana Kakuri, a layin masu gyaran janareta, gidana kuma yana Makera. Da firji guda ɗaya na fara, wanda na saya a hannun wani ma'aikacin masaƙa lokacin da aiki ya tsaya musu, na ɗora shi a baro na tura har bakin titi. Tun a shekarar farko na koyi wata tambaya, kuma ita ce ta hana ni kwana a ofishin 'yan sanda har yau: daga hannun wa ka samo? Duk wanda ya sauke mini kaya a ƙofar shago sai ya amsa ta. In ya ce daga hannun wane, in nemi wanen, shi ma in yi masa ita. Kayan gaskiya, kafin ka kai hannu na uku ka iske mai shi na asali, har ya nuna maka inda ƙofar ta lotsa ranar da suka yi ƙaura. Kayan sata kuwa a hannu na biyu hanya take ɓacewa, sai ka ji an fara "wani ne ya ba ni ajiya".

Ban taɓa kawowa a raina zan yi wa hoton takarda irin wannan bin sawu ba.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana sayar da abinci a Rido, kusa da inda direbobin tanka suke ajiye motocinsu. Rumfar kwano ce, benci huɗu da manyan tukwane uku: shinkafa da wake, tuwon masara, sai farfesu ranar Juma'a. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da rumfar nan ta aurar da 'ya'ya biyu, da ita take riƙe da ta ukun a makaranta. Kusan kowane direba yana da lambar wayarta, domin tun suna kan hanya suke kira a ajiye musu kwano. Ita ta goye ni, shi ya sa har yau da nake da furfura a gemu ba ta kira na da komai sai Auta.

Wata damina sai yayar tawa ta fara yawan gajiya, ba ta gama kwashe tuwo sai ta zauna ta huta. 'Yarta ta matsa mata ta je asibiti. Aka tura ta gwajin jini, aka ba ta takarda, aka ce ganin likita sai jibi. Yaya ba ta iya jiran jibi. Ta shimfiɗa takardar a kan benci, ta ɗauke ta hoto, ta turo mini tare da saƙon murya.

"Auta, ga abin da suka ba ni. Turanci ne irin na asibiti. Ka nemo mai karanta mana, amma don Allah ban da surutu."

Ni Turancina na ciniki ne. Ina karanta rasit da lambar kwamfiresa, wato injin firji, amma waɗannan haruffa ne a cuɗe da ban san kansu ba. Sai na leƙa shagon maƙwabcina, wani Ibo mai gyaran firji da kowa ke ce wa Oga. Bango ɗaya ya raba mu shekara da shekaru: ni in sayo, shi ya gyara, ni in sayar. Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana, sai dai har yau bai yarda akwai bambancin mace da namiji a magana ba, kowa "ka" ne a wurinsa. Matarsa nas ce, Madam muke ce mata. Na tura masa hoton, ya tura mata, ba a jima ba ta kira.

"Alhaji, ciwon hanta ne, irin wanda ake ce wa B. Kada hankalinku ya tashi. Mutane da yawa suna ɗauke da shi shekaru suna harkokinsu, muddin suna ganin likita. Ba a ɗaukarsa ta abinci, ko ta kwano, ko ta gumi. Ta jini ne, ko wajen haihuwa, ko tsakanin miji da mata, ko allura da reza in an yi tarayya. Ku 'yan gida ku je a gwada ku, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi."

Na yi mata godiya. Zan kashe wayar ta tsayar da ni.

"Sannan gobe in za ka tura wa mutum irin wannan takarda, ka rufe samanta. Ga sunanta cikakke, ga shekarunta, ga lambar waya, har da unguwa. Ni abin da ke ƙasa kawai nake buƙata."

Na ce to. Irin to ɗin da nake ce wa mai saye in ya tsaya yana koya mini sana'ata.

A nan sai na koma baya kaɗan, domin in ba haka ba abin da na yi a yammacin ranar ba zai shiga hankali ba. Dillalan layinmu muna da ƙungiya, ni ne shugaba, kuma muna da guruf a waya. A ciki ake sa hoton kayan da suka shigo, da sanarwar suna da ta rasuwa, da gargaɗi in an ga ɓarawo yana yawo da kaya. Wata shekara wani ya turo hoton mutum kwance a gadon asibiti, ana neman taimako. Mutane suka taimaka, daga baya aka gano hoton ya daɗe yana yawo, kuma babu wanda ya san mai shi. Raina ya ɓaci, domin ba abin da dillali ya tsana kamar a ce an yi masa wayo. Sai na kafa doka: duk wanda zai sa maganar mara lafiya a guruf, to ya haɗo da takardar asibiti mai hatimi. Kowa ya yaba. Ni ma na yabi kaina. A ganina na ɗauko tambayar nan ta ƙofar shagona na kafa ta a ƙofar guruf.

To a yammacin da Madam ta karanta takardar, hankalina bai kwanta ba duk da bayaninta. Na rubuta a guruf cewa ina barar addu'a, yayata ba ta jin daɗi. Amin ta fara zubowa. Sai ga saƙon murya daga sakatarenmu, wanda abokin wasana ne, ba ya ganin ƙofa ya bar ta.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ranka ya daɗe, ina takarda? Ko dokar tamu ce mu talakawa, shugabanni ban da su?"

Aka cika guruf da 'yan hotunan dariya. Wani ya ce a ci shugaba tara. Wani ya ce a tsige shi.

Ina da amsa mai sauƙi, wato ni addu'a na nema, ban nemi komai a aljihun kowa ba. Amma ba ta zo mini ba a lokacin. Abin da ya zo mini shi ne kada a ce na kafa doka na taka. Na buɗe hoton, na ja jan layi da yatsa na zagaye hatimin asibitin, na tura, na rubuta a ƙasa: "Ga hatimi nan, sakatare, sa tabarau." Aka sake dariya, na ji na ci wasan. Sai aka kira La'asar.

Ina tsakiyar alwala maganar Yaya ta faɗo mini: ban da surutu. Na daure na yi salla, ina sallamewa na zaro waya na goge hoton, irin gogewar da take cire shi daga wurin kowa. Wayar ta rubuta cewa an goge saƙon. Na duba agogo, bai fi tsawon alwala da raka'a huɗu ya yi a can ba. A wurina magana ta ƙare, kamar kayan da ka fitar ƙofar shago ka ga hadari ka mayar ciki. Har na manta.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki Yaya ta kira ni da hantsi, lokacin da ba ta saba kira ba, domin lokacin ɗora tukunya ne.

"Auta, wa ka nuna wa takardata?"

"Matar Oga kawai. Me ya faru?"

Wallahi da na faɗi haka na yarda da abin da na faɗa.

"Wani mutum ya kira ni jiya. Ya ambaci sunana har da na babanmu. Ya faɗi shekaruna. Ya ce ya ji ina fama da hanta, yana da maganin da zai wanke ta cikin kwana arba'in. Yau da safe wata mata ta kira, ita ma haka. Yanzu ga wani saƙo ya shigo." Na ji ƙarar murfin tukunya. "Ka san mutanen da nake ciyarwa. In maganar nan ta shiga tsakanin direbobi, wa zai ci tuwon da na tuƙa? Su gani suke ko gumi ne ya ɗiga an ɗauka."

"Ai Madam ta ce ba a ɗauka ta abinci."

"Madam ce za ta zo ta zauna a bencina ta cinye tukunya uku?"

Na ce ta bar mini, zan gano inda ta fito.

Na shiga shagon Oga da zafina. Yana durƙushe bayan wata firiza yana ɗura mata gas. Na ce masa takardar da na ba shi amana ta fita, kuma daga wurinsa ko wurin matarsa ne kawai za ta iya fita. Bai miƙe ba sai da ya gama ɗaure bututun. Ya goge hannu, ya ɗauko wayarsa, ya buɗe hirarmu, ya nuna mini gurbin hoton babu komai.

"Madam ya sa na goge tun ranar. Shi ma ya goge nasa. A wurin aikinsu in aka kama ka da takardar mutum a waya, wahala ne." Ya mayar da wayar aljihu. "Alhaji, shekara nawa ina jin ka kana tsare mutane a ƙofar nan, daga hannun wa, daga hannun wa? Yau naka ya ɓace ka zo kana ihu a shagona. Je ka tambayi wanda kayan ke hannunsa mana."

Ya fi ni gaskiya. Ba a fara bin sawun kaya daga wanda kake zargi, daga wanda aka gan su a hannunsa ake farawa. Na karɓi lambar mai maganin a wurin Yaya, na kira shi a matsayin ɗan'uwan mara lafiya mai son saye. Murya ce mai laushi, da addu'a a kowace gaɓa. Na bar shi ya gama yabon maganinsa, sannan na ce ina so in tabbatar ba a yi kuskuren mutum ba, ya turo mini takardar da ya gani.

Ya turo. Na buɗe. Ga jan layina nan ya zagaye hatimi, har da inda yatsana ya karkace a gefen dama.

Na daɗe ina kallon layin. Hoton da na tura wa Oga ba shi da layi. Kwafi ɗaya ne tak a duniya na yi wa wannan alama, kuma na san inda na sa shi. Kamar ka bi sawun firizar sata ne har ka kai ƙarshe, ka juya bayanta ka ga rubutun hannunka.

Kunya ta zo, ba zan ce ba ta zo ba. Amma abin da ya fi ƙarfi a lokacin mamaki ne. Abin da na goge da hannuna, wayar ma ta shaida an goge, ta ina ya bi ya fita cikin tsawon salla guda? Kuma ta yaya ya tashi daga guruf ɗin dillalan firji ya isa hannun mai maganin da ko garin nan ba ya zaune? Na sake kiran mutumin, wannan karon na gaya masa gaskiya, na yi masa tambayata.

Bai ɓoye ba, bai ma ga abin ɓoyewa ba.

"Alhaji, ni ban sata ba. A guruf na tsinta. Akwai wani babba na tambayoyin magungunan gargajiya, kullum sai an sa irin waɗannan takardu ana tambayar mene ne maganinsa. Lambar mutum tana jiki. Laifi ne in kira in ce ina da shi?"

"Matar da ta kira bayanka fa?"

"Wataƙila ita ma a can ta gani. Wataƙila kuma a cikin namu ne. Mukan ba juna lambobi, in ni ban dace ba wani ya dace."

Abin da ya dame ni shi ne na fahimce shi sarai. Ni ma in na ji za a rushe gidaje a wata unguwa, can nake zuwa in tsaya, domin na san masu sayar da firji za su fito. Shi ya samu inda marasa lafiya ke fitowa da sunansu da lambarsu a goshi, ya je ya tsaya. Na roƙe shi lambar wadda ta sa takardar a can, ya ba ni.

Wata mata ce a Unguwar Sanusi. Da na yi mata bayani ta yi ta salati. Ƙaninta yana da irin ciwon, ta ce, kuma da ta ga takardar sai tausayi ya kama ta, ta tura can ko za a samu wanda ya san magani, in an samu su amfana su biyu. Daga ina ta samo? Daga guruf ɗin matan Islamiyyarsu. Wa ya sa a can? Ta ce wata Hajiya ce, ta ba ni lambarta. Ina ganin lambar na gane gidan, domin na sha kiran ta in wayar maigidan tana kashe. Matar wani dattijo ce a ƙungiyarmu, wanda muke ce wa Baba, mutumin da ya koya wa rabinmu sana'a.

Na same shi a shagonsa yana jan carbi. Na tambaye shi ko ya tuna takardar yayata.

"Ƙwarai. Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Baba, ka tura wa wani?"

"Hajiya na tura wa nan take. Duk mara lafiyar da aka sa a guruf ina tura mata, suna da sauka duk Alhamis, sai su sa shi a addu'a. Ai ka ga gara da takardar, sun san sunan da za su ambata." Ya dube ni. "Wani abu ne?"

Na ce ai na goge. Ya ce shi ma ya ga an goge, har ya ce a ransa Allah ya sa ya riga ya tura.

Hannu biyar ke nan: ni, Baba, Hajiya, matar Unguwar Sanusi, mai magani. A sana'ata in na bi kaya hannu biyar, dole in iske ɓarawo a ɗaya daga ciki. A nan ban iske ba. Uku addu'a da magani suke nema wa Yaya, ɗaya kasuwarsa yake ci, na farkon kuma wasa ya so ya ci a gaban abokai. Kowa na roƙa ya goge, kowa ya ce ya goge, Baba ma a gabana ya miƙo wayar na goge da kaina. Amma tun ina yi na san aikin banza nake. Firji in ya bar hannunka ya bar hannunka, in ka karɓo shi ya dawo. Hoto kuwa kana ba wani, yana nan a wurinka, yana kuma wurinsa. Na tambayi matar nan mutum nawa ne a guruf ɗin maganin, ta ce ita ba ta taɓa kai ƙarshen sunayen ba. Na matan Islamiyyar kuma, ta ce akwai matan direbobi a ciki.

Washegari na hau mota zuwa Rido. Na isa da azahar, lokacin da benci ke cika, na tarar bai cika ba. Ba wai babu kowa ba, amma na san rumfar nan, na san akwai gurabe. Wani saurayin direba ya zo da kwanonsa da cokalinsa daga mota, abin da ban taɓa gani ba. Yaya ta zuba masa a ciki.

Na jira ta samu sarari, na zagaya bayan tukwane, na gaya mata komai, tun daga wasan sakatare har zuwa Baba. Na nuna mata jan layin. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta, ta kalla, ta miƙo mini.

"Wato kai ne."

"Ni ne, Yaya."

"Na ce maka ban da surutu, sai ka ce to bari in buga a allo."

"Addu'a na nema miki."

"Addu'a." Ta ɗauki ludayi ta juya miya. "Auta, ka tuna jinyar Inna? Wata nawa tana kwance, unguwa kaf sun zo dubiya. Akwai wanda ya san abin da ke damunta in ba mu da likita ba? Mutum ya shigo ya ce ya jiki, a ce da sauƙi, ya yi addu'arsa ya tashi. Wanda ya tsaya tambayar wane ciwo ne, bayan ya fita a ce ba shi da tarbiyya. Yanzu kai da iliminka na waya, Allah ne yake buƙatar hatimin asibiti kafin ya karɓa?"

Sau dubu nawa na ce wa mutane "da sauƙi" a rayuwata, jiya ma na ce wa Baba, ban taɓa tsayawa na duba me kalmar take yi ba. Na ɗauka gaisuwa ce kawai. Ashe labule ce. Tana barin mutum ya shigo har bakin gado, ya nuna ya damu, ya samu ladansa, ba tare da ya ga abin da ba nasa ba. Ni kuma na zo da dokata na yaye shi, ina ganin na yi wayo.

Muna nan sai ga wani tsohon direba, dogo, mai farin gemu, wanda tun rumfar tana benci ɗaya yake cin abinci a nan. Ya zauna a wurin da ya saba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya dubi Yaya.

"Hajiya, sannu da aiki. Ya jiki?"

Na ga bayan Yaya ya ƙage. Shekara da shekaru gaisuwarsu ya kasuwa ce, ya hanya. Bai taɓa tambayar ta jiki ba. Ke nan ya gani, ko an gaya masa.

"Da sauƙi, Alhaji," ta ce.

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi. Zuba mini tuwo, a kwanon nan naki na kullum, kuma kada ki yi mini rowar miya kamar shekaranjiya."

Ta zuba. Ya wanke hannu ya ci, a hankali, yana hira da na kusa da shi a kan lalacewar hanya. Ya gama ya ce a ƙara. Ya hangi saurayin nan mai kwanon mota, ya ɗaga murya.

"Kai, wannan kwanon naka yaushe rabonsa da ruwa? A ƙarƙashin kujera yake kwana da takalma, shi ne ka fi yarda da shi?"

Aka yi dariya, har shi saurayin. Da tsohon ya tashi tafiya sai ya zagayo wajen tukwane, ya sunkuya kamar zai ɗauki tsinken sakace, ya yi wa Yaya magana ƙasa-ƙasa. Ba ta fi jimla uku ba. Na ga ta ɗago ta dube shi da kyau, ta gyaɗa kai. Ya sa hularsa ya tafi.

Rumfar ba ta mutu ba. Akwai waɗanda suka daina zuwa kuma ba su dawo ba har yau, Yaya ta san su ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuma taɓa aika musu ba. Sauran sun ci gaba da zuwa, a hankali benci ya koma cika. Lambar wayar ce ba ta tsira ba. Masu magani suka yi ta kira, wani daga garin da ba mu taɓa zuwa ba, kuma ba ta da halin ƙin ɗaukar baƙuwar lamba domin wataƙila direba ne. Da ta gaji ta cire layin da ta yi shekaru da shi, ta sa sabo, 'yarta ta rubuta shi da fenti a jikin kwanon rumfa. Tana ganin likitanta. Mu ma mun je an gwada mu. In an ba ta sabuwar takarda yanzu, ninke ta take yi ta sa a jaka, ranar Lahadi da yamma ta kai wa Madam har gida a Sabon Tasha. Ni ba a turo mini.

A taron ƙungiya na gaba na soke dokata da bakina. Na ce daga yau ba a sa takardar asibitin kowa a guruf, ko ta wanda ya yarda, sai in shi da kansa ya sa. In addu'a ake nema, a ce wane ba shi da lafiya, ya isa. In taimako ne, mutum biyu su tashi su je dubiya su gani da idonsu, su dawo su ce gaskiya ne. Sakatare ya ce wato sai da doka ta ciji shugaba aka gane tana da haƙora. Na ce ya rubuta haka a littafin taro in yana so. Oga kuwa na je na ba shi haƙuri, ya ce ya haƙura, amma har yau in na shigo shagonsa da sauri sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ba daga hannuna ba, Alhaji."

Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izinin Yaya. Ta ce masu abinci a Rido sun fi a ƙirga, in rubuta, amma ban da suna ko ɗaya. Da na ga ta sake, sai na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina.

"Yaya, ranar nan, me tsohon direban nan ya ce miki a bayan tukwane?"

Ta ci gaba da yankan albasa, ba ta ko ɗago ba.

"Auta," ta ce, "duk garin nan kai za a gaya wa?"